Acarajé na Salvador: ƙosan da ake soyawa da manja

Wanda ya je Salvador, babban birnin jihar Bahia a ƙasar Brazil, ba zai rasa ganin matan nan masu fararen kaya da ɗankwali da duwatsun wuya ba, zaune gaban kasko suna tuya. Baianas ake ce musu, abin da suke soyawa kuma acarajé. Na saya a wurin wata daga cikinsu a unguwar Rio Vermelho, inda mutane ke yin layi da yamma, kuma ina ganin ya cancanci a tsaya layin.

Ƙullun na farin wake ne mai baƙin ido, an surfa an cire ɓawon, an markaɗa da albasa da gishiri. Ta buga shi da babban cokalin katako har ya tashi, sannan ta riƙa ɗiba tana sakawa a manja mai tafasa. Dangantakarsa da ƙosanmu ba ɓoyayya ba ce: bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka tafi da wannan girki, kuma a wannan birnin ne Musulmi daga cikinsu, Yarabawa da Hausawa, suka yi bore a shekarar 1835. Sai dai nasu ya kai girman dunƙulen hannu, manjan kuma ya ba shi jan ɓawo mai ƙarau da ƙanshin da man gyada ba ya bayarwa. Cikinsa fari ne, da laushi, bai sha mai ba. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni, domin tuya da manja ba ƙaramar gwaninta take so ba, wuta ta ɗan yi yawa sai ya ƙone ya yi ɗaci.

Inda muka rabu da ita shi ne wurin haɗi. Tana tsaga shi biyu ta cika da vatapá, wani kauri da ake yi da burodi da madarar kwakwa da gyada da jatan lande, ta ƙara caruru na kuɓewa, da yankakken tumatir, da busasshen jatan lande a sama. Kowannensu da daɗinsa, musamman vatapá, amma da suka haɗu sai ɓawon ya jiƙe tun kafin na kai rabi, gishirin jatan landen kuma ya danne ɗanɗanon waken. Shawarata, a roƙa a zuba haɗin a gefe cikin faranti. Barkonon da take shafawa yana da zafi ƙwarai, a ce mata kaɗan.

Ta kuma sayar min da abará, ƙullun nan dai ne aka naɗe a ganyen ayaba aka turara, kamar alalenmu. Ya fi sauƙi ga ciki, ni kam da dare shi zan zaɓa.

Ga Musulmi, babu naman alade a acarajé, saɓanin feijoada, wani dafaffen wake na Brazil, wadda akasari da shi ake dafa ta. Amma yana da kyau a sani cewa mabiya Candomblé, wani addini a Brazil mai asali daga Afirka, suna ɗaukarsa abincin ibada, suna miƙa shi ga Iansã, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, ko da yake wanda ake sayarwa a titi na kowa ne. Masu ƙin jatan lande ko gyada su tsaya ga zallan ƙosan, su kuma tambaya kafin su ci abará, don wasu na saka jatan lande a cikin ƙullunsa.