Ƙaramin jirgin ƙasa na wasa: tsohon tsari ko DCC mai sauti?

A tsohon tsari, wutar da ke kan dogon ce ke tuƙa jirgi. Ka ƙara ta zuwa volt 12 ya ruga, ka rage ya lafa. Ba tsada, kuma duk mai gyaran rediyo a kasuwar Maradi zai gane kansa. Amma kan jirgi biyu a layi ɗaya tare za su tashi, tare za su tsaya.

DCC kuwa, wato sabon tsari na dijital, wuta na kan dogo kullum, umarni ne ke tafiya cikinta. Kowane kan jirgi ana sa masa ƴar na'ura mai lambarta, sabuwa tana zuwa da lamba 3. Da wannan lambar ake tuƙa kowanne shi kaɗai. Da ƙaramar lasifika sai ka ji gurnanin inji, da usur, da ƙarar birki. Wallahi ranar da na fara jin nawa, na daɗe tsugune ban tashi ba.

Sai dai ƙurar hunturunmu ba ta raga masa. Ƙura kaɗan a dogo, sauti ya yanke, inji ya sake tashi daga farko. Dole a riƙa goge dogo, ko a ƙara kapasita mai riƙe wuta. Kuma a girman HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman jirgin gaske, samun wurin lasifika aiki ne.

Mai kan jirgi ɗaya, tsohon tsari ya ishe shi. Ni da nake da uku, na koma DCC.