Gargaɗi: masu sayar da jabun samfurin tankokin yaƙi a intanet

Jama'a, musamman masu sha'awar haɗa ƙananan samfuran tankoki da motocin sulke, a yi hattara da wasu shafuka da suka cika Facebook da Instagram da tallan kayan Tamiya, kamfanin da ke yin irin waɗannan samfuran, a farashin da ba ya kama hankali. Hoton da suke sakawa na tankar Tiger ce ko T-72 an gama haɗa ta, an yi mata fenti har da tsatsa da laka. Wannan aikin hannun ƙwararre ne, a shafin wani suka ɗauko. Abin da kamfani ke sayarwa kwali ne mai ɗauke da gutsattsarin roba a manne da firam, ba fenti, kuma galibi ba gam. Duk wanda bai iya nuna maka cikin kwalin ba, to ba shi da kayan.

Salon nasu ɗaya ne. Za a ce saura guda biyu, ka tura kuɗi duka a asusun wani mutum wanda sunansa bai yi daidai da na shafin ba, a ce an sa kaya a mota. Ko dai a toshe lambarka, ko kuma ƙunshi ya iso ka tarar da abin wasan yara marar sunan kamfani.

Ma'auni ne ya fi saurin tona musu asiri. Idan an rubuta 1/35, ana nufin an rage ainihin tankar sau 35. Tiger I tsawonta da bututun igwarta ya kai mita 8.45, don haka samfurinta zai kai kusan santimita 24. Idan abin da aka aiko ya zauna a tafin hannunka, 1/72 ne aka sayar maka da kuɗin babba. Kwalin Tamiya na gaske yana da taurari biyu farare a kan ja da shuɗi, kuma kayansu na 1/35 na soja lambarsu kan fara da 35, kamar 35216 ta Tiger I ƙirar farko. Ka sa lambar a Scalemates, shafin intanet da ke tattara bayanan irin waɗannan samfuran, zai nuna maka hoton kwalin da shekarar fitowarsa. Kada kuma ganin an rubuta Filifin ya tsorata ka, kamfanin na Japan ne amma yana da masana'anta a Cebu da ke ƙasar Filifin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu kwafe. Suna sayen na asali guda ɗaya, su yi mazubi da shi, su riƙa zuba rezin mai arha, wato wani ruwan roba da ke daskarewa. Kwafen yakan ɗan tsuke, ƙusoshin jikin sulke da layin walda su dushe kamar an shafe su da yatsa, ga ƙananan ramukan iska, ga gezar roba a bakin kowane gutsure. Gangar jikin tan karkace, sama da ƙasa su ƙi haɗuwa, bututun igwa ya lanƙwashe. Gam ɗin da ke narka robar polistirin, wadda da ita ake yin na asali, ba ya kama rezin sam, sai sufagulu. Yaron da ya tara kuɗinsa ya sayi wannan zai ɗauka shi ne bai iya ba, ya watsar da sha'awar gaba ɗaya.

Arha kanta ba laifi ba ce. Kamfanoni irin su Academy ta Koriya ta Kudu da Zvezda ta Rasha da Italeri ta Italiya suna da kaya masu sauƙin kuɗi kuma na gaskiya.

Kafin ka biya ko kobo, ka nemi ya ɗauki bidiyo yana buɗe kwalin, da takarda mai sunanka da kwanan wata a gefe. Ka ga firam-firam ɗin cikin ledarsu, kowanne da harafinsa, da littafin haɗawa, da takardar sitika, da sarƙar tanka. Idan ya fara hanya-hanya, ka ɗauki hoton hirarku da lambar asusun, ka kai ƙarar shafin. Wanda ya riga ya tura kuɗi kuma ya je bankinsa da rasit tun a ranar.