Ajin tarihin kotuna na Telegram: darasin Gollan ya biya kuɗinsa

Jama'a masu tambayata ko ajin nan na tarihin shari'a da wani malami yake yi ta Telegram ya cancanci kuɗin rajista, amsata eh, amma da ƙorafi.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na Henry Gollan, baturen da ya fara da zama sakataren Gwamna Lugga, kafin ka ce kwabo an naɗa shi Alƙalin Alƙalan Arewa a 1901. Malam ya bi mutumin nan tiryan-tiryan, daga nan aka tura shi Bamuda a 1904, sai Tirinidad, sai Silon wato Siri Lanka ta yanzu, ya ƙare a Hon Kon yana babban joji daga 1924. Kun ga yadda Ingila take juya alƙalanta kamar 'yan sandan da ake wa taransifa, yau nan gobe can, ba ruwansu da ko mutum ya ji yaren mutanen da zai yanke wa hukunci. Inda na ce kai, shi ne da malam ya nuna cewa kundin dokar laifuka na Arewa na 1904 da Gollan ya tsara, daga na Kwinsland ta Ostireliya na 1899 aka kwaikwayo shi, aka shimfiɗa wa duk Najeriya a 1916, kuma bai bar Arewa ba sai da sabuwar dokar laifuka ta Arewa, wato Penal Code, ta zo a 1960. Wallahi ni da na yi zaton a Landan aka rubuto shi.

To ga ƙorafin. Sautin odiyo ɗin Allah ya sawwaƙe, janareta na kuka a baya, wani lokaci sai ka maimaita sau biyu kafin ka kama shekarar da malam ya ambata. Sannan malam ya daɗe a kan turawa, kotun Razdan da aka hana lauyoyi shiga ya yi mata bayani sosai, amma kotunan alkalai da majalisar sarki, inda talakawa suke kai ƙara a gaskiya, ya wuce su fuuu. Tambaya kuma sai ka yi haƙuri, adimin ba ya amsawa da wuri.

Ɗaliban lauya da masu son tarihi ku shiga, ku dai tanadi iyafis da data. Malam, don Allah a ƙaro mana darasi kan alkalan Kano da Sakkwato.