Tawadar da ke ɗaukar wutar lantarki: wacce ya kamata ka saya?

Ƴan projet ɗin ƙarshe a BUK da masu buga riguna a Sabon Gari, ku matso. Yanzu ana iya buga layin lantarki a jikin yadi da sikirin ɗin nan da kuke buga jesi, sai dai yawanci odar tawadar ake yi daga waje, in ka zaɓi wacce ba ta dace ba kuɗinka sun tafi kenan.

Ta azurfa ce kan gaba, duk cikin ƙarafa babu mai ɗaukar wuta kamarta. Iri biyu ce, akwai mai kauri ta sikirin, akwai tsararra mai ƙananan ƙwayoyi ta firinta. Amma fa kowacce sai an gasa ta take aiki sosai, zafi ne ke busar da ruwan cikinta ya sa ƙwayoyin su haɗu har wuta ta samu hanya. Dunƙulen azurfa sai ya kai digiri 961 yake narkewa, amma ƙananan ƙwayoyin nan wajen 150 zuwa 200 sun manne da juna, to anan matsalar take, ledar PET (irin robar gorar ruwa) da yadin roba da ake bugawa a kai ba sa jure wuce 150 sosai, sai su lanƙwashe. Shi ya sa kafin ka tambayi farashi fara duba zafin da aka rubuta a takardarta. Ni dai mai kaurin da ke gasuwa wajen 120 zan ɗauka, injin gugan da kuke manna lamba da shi zai iya aikin.

Ta jan ƙarfe ta fi araha kuma ta kusa kamo azurfa, amma iska na taɓa ta take yin tsatsa wuta ta daina wucewa, gashinta ma sai da naitirojin ko fitila ta musamman. Gaskiya ba tamu ba ce yanzu.

Ta kabon ba tsatsa ba tsada, sai dai wuta na shan wuya a cikinta, ta fi dacewa da sensa (na'urar gano taɓi, zafi da makamantansu) ko a shafa ta saman azurfa don kariya.

In riga ce za a sa a jiki, nemi wacce aka rubuta tana miƙewa, in ba haka ba layin zai tsattsage a gwiwar hannu. Sayi ƙaramin gwangwani tukuna, buga layi ɗaya ka auna da multimita (na'urar gwajin lantarki) ka ga yadda wuta ke wucewa, ja yadin ka sake aunawa, wanke ka ƙara. In lambar da multimita ta nuna ta yi yawa, wato wuta na shan wuyar wucewa, ƙara shafi na biyu. Lokacin hunturu rufe aikin kar ƙura ta hau kafin ya bushe, gwangwanin kuma a ajiye shi wuri mai sanyi, zafin Kano na saurin daskarar da tawada.