Don Allah a daina cewa in aiko wa Goggo allurata

Tun ranar da na saka hoton nan na ƙaramar sallah, wanda nake tuƙa tuwo da hannuna, wayata ba ta huta ba. Duk wanda ya san ni a Unguwar Rogo ta Jos ya san shekara nawa na yi ban iya murɗa kan famfo ba, balle in riƙe muciya. Tambayar kowa ɗaya ce: wace allura ce, nawa ake sayar da ita, wa zai taho gida a ba shi saƙo. Yaya kaɗai ya kira ni sau uku a kan Goggo, ita ma gaɓɓai ne suka dame ta. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, in huta da bayani a waya.

Ciwona amosanin gaɓɓai ne, amma ba irin na tsufa ba. Ina da shekara 29 ya fara. In tashi da asuba yatsuna sun ƙage, hagu da dama, sai rana ta ɗaga sannan su saki. A gida aka ce sanyin Jos ne, in daina wanki da ruwan rijiya lokacin hunturu. Wata maƙwabciya ta ce sammu ne, ni da ko kishiya ba ni da ita. Sai da na zo Ingila likita ya ɗebi jinina ya ce garkuwar jikina ce ta rikice, dakarun da ya kamata su tsare ni su ne suka juyo suna cin gaɓɓaina. Ya ce ciwon ya fi kama mata, kuma in aka bar shi yana lanƙwasa yatsu, abin da ya lanƙwashe kuwa ba ya miƙewa.

An fara min da methotrexate, sau ɗaya a mako, aka ƙara wani a kai. Da aka yi watanni kumburin ya ƙi sauka, sai aka ce za a mayar da ni kan allurar adalimumab, wadda aka fi sani da Humira. Na dawo gida da murna, na ce wa Abban yara gobe-jibi za a yi min. Ashe ban san inda nake ba.

Ranar da na koma, na naɗe hannun riga tun a ɗakin jira. Nas ɗin ba ta ko kalli hannun ba. Ta jawo takarda ta ce a ina aka haife ni. Na ce Najeriya. Shekara nawa na zauna a can? Akwai wanda ya taɓa yin tarin fuka a gidanmu? Ina gumi da dare? Na rame kwanan nan? An taɓa yi min ƙarin jini? An taɓa yi min tsaga ko ƙaho? Ta ce za a gwada ni ciwon hanta, za a gwada ni ƙanjamau. A gaban mijina! Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Aka cika kwalabe da jinina, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce in tafi za a kira ni. Na sauke hannun rigata na fito.

Bayan kwana goma aka kira. Gwajin jini ya nuna ƙwayar tarin fuka a jikina, allura kuma sai an ga abin da hali ya yi. Aka tura ni sashen masu tarin fuka.

Wallahi ban taɓa jin ƙasƙanci irin na ranar ba. Ni da ban yi tari ba. Ni da sai da na yi asubanci daga Jos zuwa Abuja, na biya kuɗi aka ɗauki hoton ƙirjina kafin a buga min biza, aka ba ni takarda cewa lafiyata ƙalau. Na shiga ɗakin jira na duba, daga baƙar fata sai 'yan Indiya da Pakistan, Bature ɗaya ne tak, shi ma tsoho. Na ce a raina, to ga shi nan, an ware mu. Kun san yadda muke da wannan ciwo a gida: a ware wa mutum kwanonsa da moɗarsa, a riƙa gaishe shi daga bakin ƙofa. Har hawaye na yi, ina goge shi da bakin mayafi kada a gani.

Wadda ta kira sunana wata dattijuwar nas ce 'yar Indiya. Tana ganin idona ta rufe ƙofa, ta ce ita ma ta sha wannan maganin shekarun baya. Ta ce kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa shaƙar ƙwayar, tana kwance a jikinsa, garkuwa ta gina mata katanga ta tsare ta. Mai irin wannan ba ya tari, ba ya sa wa kowa, kuma hoton ƙirji sau da yawa ba ya nuna komai, shi ya sa na Abuja bai gani ba. Amma akwai wani sinadari a jiki da suke kira TNF. Shi ne yake hura wutar kumburi a gaɓɓaina, kuma shi ɗin dai ne yake riƙe da katangar nan. Allurar da nake ɗokin a yi min aikinta kenan, ta toshe shi. In an toshe, gaɓɓai su huce, katanga kuma tana iya zubewa, ƙwayar ta fito, wani lokaci ma ta wuce huhu ta shiga ƙashin baya ko ƙwaƙwalwa. Haka mai ciwon hanta nau'in B da ya kwanta, allurar tana iya tayar masa da shi.

Na yi shiru. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, na sha jin haka a rediyo, ban taɓa sa kaina a lissafin ba. Sai na tuna wani tsoho da ya yi haya a ɗakin zaurenmu muna yara, yana tari dare da rana, mu ne masu kai masa abinci.

Wata uku na yi ina shan rifampicin da isoniazid kafin karin kumallo. Fitsari ya koma ja kamar ruwan zoɓo, da ba a gaya min tun farko ba da na ce jini ne. Ana ɗibar jinina ana duba hanta. Yatsu kuwa suna nan yadda suke, ina ta tsaki.

A watannin nan ne na riƙa tunanin kemis ɗin bakin layinmu. Ka shiga ka ce, Malam jikina ciwo yake, a yi min allura. Ya ce ta nawa? Iyakar tambayar kenan. A ja labule, a soka, ka biya ka tafi. In ka je asibiti likita ya rubuta ƙwaya bai rubuta allura ba, sai ka fito kana cewa bai san aiki ba. Mu ne fa. Ni kaina na yi. Shekara uku ina karɓar haɗin nan da ake ƙullawa a leda, fari biyu, ja ɗaya, ƙarami ɗaya, ban san sunan ko ɗaya ba. Daga baya na gane ƙaramin nan dexamethasone ne, sauran su diclofenac da piroxicam, masu huda ciki su taɓa ƙoda.

Ku dubi Goggo da kyau. Shekara nawa tana kan wannan haɗin, in ciwo ya motsa a ƙara mata da allura. Fuskarta ta cika ta yi zagaye, mutane suna cewa ma sha Allah Goggo ta yi ƙiba, hutu ya karɓe ta. Wane hutu? Kumburin magani ne. Daga nan hawan jini ya shigo, suga ya biyo baya, bara ta zame a banɗaki ƙugu ya tsage. Yatsun da ake yi don su kuma sun karkace sun nufi waje ɗaya. Irin wannan magani ba a yanke shi rana ɗaya ma, sai likita ya riƙa ragewa a hankali, don haka kada wani ya karanta wannan ya je ya ƙwace mata leda yau.

Ranar da allurar ta iso, mota mai firij ce ta kawo ta har ƙofar gida, da wani bokiti ruwan ɗorawa mai murfi na zubar da wadda aka yi amfani da ita. Wata nas ta zo ta zauna a falona ta koya min. Abu ne kamar ƙaton biro. A fito da shi daga firij ya sha iska kamar rabin awa, a goge cinya ko gefen ciki nesa da cibiya, a ɗora a danna. Ka ji ƙas, ka ƙirga goma, ka ga ɗan tagar jikinsa ya canja launi, shi kenan. Miligiram 40, duk bayan mako biyu. Hannuna yana rawa na yi bisimilla na danna. Wurin ya yi ja ya yi ƙaiƙayi kwana biyu. A wajen allura ta huɗu na tashi da asuba na yi alwala, ina tsakiyar sallah na lura na dafa ƙasa na miƙe ban yi nishi ba. Na daɗe a kan dardumar nan.

Ba kyauta ba ce, kada a ɗauka Turawa sadaka suke yi. Fam 1,035 yawancin manya masu zuwa da biza suke biya na kuɗin lafiya a kowace shekarar biza, a dunƙule, tun kafin su ga ƙofar asibiti. Maganin kansa an fara amincewa da shi a Amurka a 2002, ya yi shekaru babu maganin da ya kai shi kawo kuɗi a duniya, a can farashinsa na wata ya kusa dala 7,000. Sai a 2018 wasu kamfanoni suka samu damar fito da irinsa a Turai, farashi ya faɗi. Irin wannan ake ba ni.

Kuma kada ku ji na yaba ku ɗauka aljanna ce. Kafin ka ga likitan unguwa sai ka riƙe waya tun ƙarfe takwas na safe, wata murya tana gaya maka kai ne na ashirin da ɗaya a layi. In ka samu shiga, minti goma ne, ciwo ɗaya za ka faɗa, na biyun sai wani zuwan. Komai ka ce, parasitamol. Shi ma parasitamol ɗin fakiti biyu kawai za a sayar maka a kanti, kamar mai neman ƙwaya. Watanni na yi ina jiran wasiƙar ganin likitan gaɓɓai, wasiƙa ta akwatin ƙofa, a wannan zamanin. Masu kawo allura su ce za su zo tsakanin safe da yamma, ka ɗauki hutun aiki ka zauna gadin ƙofa.

Ga kati da nake yawo da shi a jaka, mai cewa ina kan maganin da ke rage garkuwa. In na yi zazzaɓi, ko ciwo ya yi ruwa, ba na yin allura sai na kira su. Rigakafin cutar shawara ba a yi wa mai irin wannan allura, Allah ya taimake ni an yi min tun a gida, kuma sau ɗaya ya isa har abada. Septrin da muke haɗiya kamar gyaɗa an hana ni shi, ba ya haɗuwa da methotrexate. An gaya min akwai ɗan haɗarin wata cutar daji, an tambaye ni lafiyar zuciyata, an sa na sa hannu.

Hunturun bara mura ta kwantar da ni, ta sauka ƙirji, aka dakatar da allura. Kwana tara ina kwance, babu wanda ya yi sallama. Maƙwabciyata ta turo kati ta ƙarƙashin ƙofa, ta kyauta. Da a gida ne da ɗaki ya cika, wannan da fulas ɗin kunu, wannan da farfesun kayan ciki, wata ta share tsakar gida, wata ta tafi da yara. Na kwanta ina jin ƙamshin gwaten acca a hancina, da yakuwa da gauta na Farin Gada. Ko surutun masu dubiya da ke hana mutum barci, ranar na yi kewarsa.

Shekaranjiya Yaya ya sake kira.

"Ke dai ki rage guda biyu a naki, akwai mai tahowa wata mai zuwa."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. A firij take zama, tsakanin digiri 2 da 8. In ta fita kwana 14 ne iyakarta, shi ma in zafi bai wuce 25 ba. In ta daskare ta lalace. Yaushe rabonku da wuta ta kwana?"

Ya ce, "Akwai mai ƙanƙara a bakin titi."

"To wa ya gwada jinin Goggo? Gida ɗaya fa ta yi shekaru da tsohon nan mai tari. Ga suga. In na aiko ta samu sauƙi wata biyu sannan tari ya taso, wa za mu ce ya yi?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kin zama Baturiya." Ban ce komai ba, yayana ne.

Jiya na tura masa kuɗi. Na ce a ɗauki Goggo a kai ta asibitin koyarwa da ke Lamingo, a nemi ganin likitan gaɓɓai, a tafi da duk ledojin maganinta a zube masa a tebur, har waɗanda take ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. A yi hoton ƙirji, a gwada hanta. Magungunan da aka fara min da su ana samunsu a gida, gwajin tarin fuka da maganinsa kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ya ce sai bayan Juma'a, motarsa tana gareji. Na kira ƙanwarmu na ce ita ta ɗauki Keke ta kai ta ranar Litinin, ta kuma kira ni suna gaban likitan.