Na biya an gyara min kod ɗin kwasar labarai, ga yadda muka kwashe

Ni ɗalibi ne a ATBU nan Bauchi, ajin ƙarshe, furojet ɗina a kan kalmomin jaridun Hausa ne, don haka dole in tara labarai masu yawa daga intanet. Na rubuta ɗan kod da yaren kwamfuta na Python, da requests mai jawo shafuka daga intanet da BeautifulSoup mai tsamo rubutun cikinsu, yana aiki amma tafiyar hawainiya, sai in kunna bayan isha'i in kwanta, da asuba in tarar ya maƙale a shafi ɗaya, ko an ɗauke wuta batir ya mutu komai ya koma farko. Datar da na ƙona kuwa Allah kaɗai ya sani. Shi ne wani abokina a Yelwa ya haɗa ni da wani bawan Allah mai karɓar aikin gyaran kod, kun dai san yadda suke caji, na ba da kafin alƙalami na ce masa ni sauri kawai nake so.

Kwana biyu sai ga kiransa. Ya ce "Malam, ka taɓa buɗe fayil ɗin da kod yake tara labaran ka nemi ƙa mai lanƙwasa a ciki?" Na ce a'a. Ya ce to nema. Wallahi na nema, babu ko ɗaya, babu ƙ babu ɗ babu ɓ a labarai sama da dubu biyu na Hausa! Ashe lokacin da nake buɗe fayil da umarnin open don ajiye labarai ban saka encoding ba, wato tsarin da kwamfuta take ajiye haruffa da shi, ita kuma Windows ɗina tana amfani da cp1252 wanda bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba, duk labarin da ke da su sai kod ya yi tuntuɓe da UnicodeEncodeError, wato ya kasa rubuta harafin. Ni kuma na lulluɓe wurin da except da pass, wato duk matsalar da ta taso ya haɗiye ya yi shiru ya wuce. Kenan wata biyu ina zubar da duk labarin da aka rubuta da ƙa'ida, ina ajiye waɗanda aka buga ba lanƙwasa kawai. Ku duba fa, aikina ƙirga kalmomi ne, da ƙafa da kafa, da ƙasa da kasa duk sun zama abu ɗaya, haka zan kai wa sufabaiza ina ganin na yi aiki. Jikina sai da ya yi sanyi a daren nan. Gyaran kuma layi ɗaya ne, ya saka encoding na utf-8-sig wanda ya san haruffanmu, don ko a Excel na buɗe haruffan su fito daidai, ya cire wancan shirun ya sa duk shafin da ya ƙi a rubuta adireshinsa da dalili a wani fayil daban. Ban roƙe shi wannan ba, shi ya lura da kansa, a kan wannan kaɗai na ce kuɗina sun halatta.

Sauran gyaran ma ba laifi. Ya saka Session don a daina buɗe sabuwar hanya da saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin jaridar, a kowane shafi, ya saka timeout, wato iyakar lokacin jiran amsa, saboda ashe requests ba ta da nata, shi ya sa yake kwana a maƙale, ya canza zuwa lxml mai saurin karanta shafi, kuma yanzu in wuta ta tafi yana ɗorawa daga inda ya tsaya. Sunaye irin su a1 da xx duk ya sauya su bisa tsarin PEP 8, wato ƙa'idar tsara rubutun Python, kod ya yi tsaf. Nan take na tura masa cikon kuɗinsa har da addu'a.

To amma gaskiya raina ya ɓaci daga baya, kuma har yanzu in na tuna sai ya sosu. Don ya burge ni da sauri sai ya sa ThreadPoolExecutor yana jan shafuka 20 lokaci guda ba ko ɗan hutu a tsakani, bai ma duba robots.txt na shafin jaridar ba, fayil ɗin da ke faɗin inda aka yarda kod ya shiga. Minti kaɗan sai 429 ta fara zubowa, wato saƙon da ke cewa buƙatu sun yi yawa, daga nan shafin ya toshe ni gaba ɗaya, ko karanta labari ba na iya yi da layin. Kwana huɗu ina kira ba ya ɗagawa, tunda kuɗi sun shiga. Da ya amsa sai cewa ya yi "ai kai ka ce sauri kake so Malam". Haba! Mutumin da ya gano matsalar lanƙwasa ai ya san ba a afka wa ƙaramar sabar jarida haka, su ma kuɗi suke biya. Ni da kaina na zauna na rage zuwa shafuka 3, na saka sleep, wato hutu, na daƙiƙa biyu, sannan abin ya lafa.

Kuma ko layi ɗaya na bayani bai bar min a cikin kod ba, alhali na faɗa masa ranar kare furojet za a tambaye ni kowane sashe. Idan za ku ba shi aiki ku ba shi, ya iya, amma ku riƙe ciko sai kun gwada kwana uku a kwamfutarku. Ni dai ya yi min alƙawarin zama da ni ranar Asabar a Wunti ya bi da ni layi-layi, sau biyu kenan yana ɗage ranar.