Wace daffaya (hitar ɗumama ɗaki) za ka saya bana? Mai mai, mai shama'a, ko ta gas

Jama'a Murabba'aniyya, wato kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi a Saudiyya, na shigowa tun farkon Disamba, kuma wanda ke Riyad ko Madina ya san sanyin nan ba wasa, balle 'yan uwanmu na Tabuka da Ha'il da Ƙurayyat inda yake sauka ƙasa da sifili. Mutanen Makka da Jidda ku kam kuna iya wucewa, bargo ya ishe ku. Sauran kuwa kowa yanzu kasuwa ya nufa neman daffaya, kuma yawancinmu farashi kawai muke tambaya.

Abu ɗaya da mai shago ba zai tsaya faɗa maka ba, duk hitar lantarki mai wat 2000 zafi ɗaya take bayarwa kuma wuta ɗaya take sha, ko ta araha ce ko ta tsada. Awa 8 a kunne yunit 16 na wuta kenan, a kan halala 18 kowane yunit (halala 100 ce riyal ɗaya) bai kai riyal 3 ba kafin haraji. To kaga kuɗin da za ka ƙara ba zafi kake saya da shi ba, kwanciyar hankali kake saya.

Mai shama'a, wato mai sandunan nan da suke yin jajir, ita ce ta fi araha shi yasa ta cika ɗakunan gwauraye da na ɗalibai. Tana da daɗi kam, kana kunnawa ka ji ta a ƙafarka, amma abin da ke gabanta kawai take gasawa, iskar ɗakin na nan da sanyinta, sai mutum ya dinga jawo ta kusa da katifa, ya yi barci bargo ya zamo ya taɓa ta, shikenan. Ga ta ba nauyi, yaro mai rarrafe ya ture ta ta kife kan kafet. In dole ita za ka saya to ka sa a kunna a shagon ka karkata ta da hannunka, in bata mutu da kanta ba ka ajiye musu kayansu. Mai fanka ma kusan haka take, tana ɗumama ƙaramin ɗaki da sauri amma ƙura na taruwa cikinta ga ƙara.

Ni dai mai mai nake ba mutane shawara in ɗakin kwana ne ko akwai yara. Man a rufe yake ciki ba ƙonewa yake ba, lantarki ke ɗumama shi, babu wani jan ƙarfe a waje, kuma ko ta kashe kanta tana ci gaba da fitar da ɗumi. Aibinta tsada da nauyi da kuma jinkiri, sai ka kunna ta tun bayan magariba kafin ɗaki ya ɗauka. Ka nemi mai tamostat, wato mai kashe kanta in zafi ya kai, da taima ta saita lokaci. Sai dai don Allah Hajiya kar a mai da ita igiyar shanya, na san wankin yara baya bushewa da sanyi amma rufe ta da kaya shi ke sa zafi ya taru.

Wanda mukayyif ɗinsa, wato AC, sifilit ne mai zafi da sanyi ya duba rimot tukuna, wataƙila ma baya buƙatar sayen komai, kuma ya fi duk waɗannan sauƙin shan wuta.

Ta gas da ta kananzir da gawayi kuwa wata magana ce daban, don su ba gobara kaɗai ba ce matsalarsu. Suna cinye iskar ɗaki su fitar da kabon monoksayid, ba launi ba wari, farkonta ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa bazai ma farka ya ji ba. A tsakar gida ko wajen zaman hira a sahara ba laifi, amma kasko a ɗaki an toshe taga an rufe ƙofa irin yadda ake yi a gida lokacin hunturu, a shiƙƙar nan, wato fulat, da iska bata ratsawa, a'a wallahi. Kuma a Madinar nan aka yi gobara da dare zamanin Annabi (SAW) ya ce wuta maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta.

Inda aka fi cin amanar kai shine tausila, wato wayar ƙari mai soket da yawa. Wutar gida a nan volt 230 ce, daffaya mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9, filogi mai ƙafa uku kuma fiyus ɗinsa 13 ne iyaka. Ka haɗa daffaya biyu, ko daffaya da butar shayi a tausila ɗaya, kun haura 17, in ta arahar nan ce mai siririyar waya sai ta fara narkewa ƙarƙashin kafet ba wanda ya gani. Daffaya soket ɗin bango take so ita kaɗai. Bayan rabin awa ka taɓa filogin, in da zafi sosai ko warin roba ka kashe a kira mai gyara ko ka gaya wa haris, wato mai gadin gidan. Ka duba tambarin SASO, hukumar ingancin kaya ta Saudiyya, a kwali ka karɓi fatura (rasit) da garanti, ta haraj kuma, wato kasuwar gwanjo, wadda aka naɗe wayarta da salatif bana ganin ribarta ko kyauta ce.

In kuɗinka a ƙirge suke, gara ka ɗauki daffaya matsakaiciya ka rage na na'urar jin hayaƙi mai batir ka manna a silin kusa da ɗakunan kwana, da tukunyar kashe gobara ta hoda a kusa da ƙofa ba can bayan murhu ba, mai amfani da gas ya ƙara da na'urar kabon monoksayid don ta hayaƙi bata jin shi. Tazarar mita ɗaya tsakanin daffaya da labule ko gado. Lambar Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, 998 ce, a yankunan Makka da Riyad 911 ma tana shiga, a koya wa yara da masu aiki a gida su haddace.